A Ƙirga Ruwan Kafin a Ƙirga Megawat

Duk sanda aka ce za a tare wani gulbi a ƙasar Katsina, alkawari uku ne ke zuwa tare: ruwan famfo, noman rani da wutar lantarki. Na ukun ya fi daɗin faɗi a wurin taro, shi ne kuma ya fi rauni idan aka zauna da biro da takarda. Ni ba na ƙin dam. Duk wanda ya san yadda ake jiran 'yan garuwa a birnin Katsina ko Daura cikin watan Afrilu ba zai ƙi a tara ruwa ba. Abin da nake so shi ne dagaci, ko kansila, ko manomin da gonarsa za ta nutse, ya iya karɓar takardar aikin ya gane da kansa ko lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

A fara da gulbin. Gada, Karaduwa, Bunsuru, Tagwai, dukkansu na damina ne. Suna kawo ruwa daga wajen Yuni zuwa Oktoba, daga nan sai yashi. A je cikin Maris, za a tarar da tifa tana lodi a tsakiyar gulbi, gefe guda yara sun tona rami kamu biyu suna kwalfar ruwa da ƙoƙo, suna jira ya sake tsatsowa. Ruwan shekara duka cikin wata huɗu yake zuwa, rabo mai yawa kuma cikin 'yan manyan ruwaye na marka. Saboda haka dam a wurinmu randa ce, a cika ta sau ɗaya a shekara a yi ta ɗiba har wata takwas. Kogin Kwara da ke gudu rani da damina wani abu ne daban, kuma lissafinsa ba ya hawa kan namu.

Ana auna ruwan dam da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai lita 25. Don abin ya fito fili, bari mu ƙaga wani wuri na misali, mu bi shi da lissafi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sauya su da na takardar da ke gabansa.

Mu ce faɗin ƙasar da ke zubo wa gulbin ruwa, daga tushensa zuwa inda za a tare shi, murabba'in kilomita 1,000 ne, kuma ana samun ruwan sama milimita 700 a shekara. Birnin Katsina da Daura ba su cika kai haka ba, Funtuwa kuma ta wuce. Ruwan da ya sauka a wannan faɗin ƙasa ya kama kubik mita miliyan 700. A nan ne ake fara ruɗin mutane, domin ba shi ke isa dam ba. Ƙasa ta sha, tsiro ya sha, rana ta ɗauke. A jigawa irin tamu, abin da ke gangarowa cikin gulbi ba ya wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A ɗauki kashi 10, an sami miliyan 70. Wannan ƙaramin adadi na kashi nawa ke gangarowa shi ne ƙashin bayan aikin duka. Wanda ya rubuta 20 a maimakon 10 ya ninka ruwan dam a takarda, gulbin kuwa bai ƙaru da ko moɗa ɗaya ba. To, a tambaya daga ina aka samo shi. In akwai ma'aunin gudun ruwa a gulbin, shekara nawa aka yi ana karanta shi? In babu, da wane gulbi aka kwatanta, kuma ƙasarsu iri ɗaya ce? Gulbin da ke gangarowa daga duwatsun kudancin jiha ba a ara wa na rairayin Zango ko Ɓaure lissafinsa.

Tsawon tarihin awon ma abin dubawa ne. Shekara 30 ake so, ko fiye, kuma dole a ga shekarun fari a ciki. Ƙasar nan ta ga 1973, ta ga 1984. Wanda ya gina lissafinsa kan daminonin baya-bayan nan masu albarka kaɗai, ya gina wa shekarar daɗi. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: idan ruwan sama ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, na gulbi yana iya raguwa da rabi, domin sai ƙasa ta ƙoshi take sakin saura.

Ruwa ya shiga randa, sai ɓarayinsa. Babbansu rana da iskar hunturu. A arewacin nan, buɗaɗɗen ruwa na asarar zurfin kusan mita 2 a shekara ta hanyar tururi, ko da ba a ɗebi cokali ɗaya ba. Shi ya sa siffar kwarin da za a tare ta fi tsawon bangon muhimmanci. Dabarar gane wannan mai sauƙi ce: a raba yawan ruwan da faɗinsa. Dam ɗinmu na misali, a ce yana cin miliyan 80 idan ya cika, ya malale murabba'in kilomita 20. Matsakaicin zurfinsa mita 4 ke nan. Faranti ne, ba tulu ba. Da yake ruwan na janyewa da rani, mu ce faɗinsa a tsaka-tsaki murabba'in kilomita 15 ne. Rana za ta ɗauke miliyan 30, ruwan saman da ke faɗawa kai tsaye cikinsa ya mayar da wajen miliyan 10, asara ta tsaya a miliyan 20. Kusan kashi uku cikin goma na abin da gulbin ya kawo ya tafi sama. Idan aka sami wuri biyu, ɗaya kwari mai zurfi da ƙunci, ɗaya shimfiɗaɗɗiyar fadama, na farkon ya fi ko da bangonsa ya fi tsada, kuma ƙasar noman da zai cinye ba ta kai ta ɗayan ba.

Ɓarawo na biyu yoyo ta ƙasa. Tsakiya da kudancin jihar Katsina na zaune kan tsohon dutse mai tauri, arewa kuwa, daga Jibiya zuwa wajejen Daura, akwai rairayi da dutsen yashi masu shan ruwa. Dam ɗin Jibiya da aka kammala a 1989 kan gulbin Gada, mai cin kusan kubik mita miliyan 140, sai da aka shimfiɗa wa bangonsa wata irin leda mai kauri, saboda yashi ne abin da wurin ke da shi. Don haka a duba takardar: rami nawa aka haƙa na gwajin ƙasa a kan layin bangon, zurfin nawa, an kai ga dutse ko yumɓu? An matsa ruwa cikin ramukan don a ga yadda ƙasar ke sha? Ina za a samo yumɓun da za a cusa a cikin bangon, kuma nisan kilomita nawa? Aikin da aka yanke wa kuɗi kafin a haƙa waɗannan ramuka, kuɗinsa zai tashi daga baya, babu makawa. A misalinmu mu ba yoyo miliyan 5.

Saura miliyan 45. Yanzu a zo rabo. Gari mai mutum 300,000, kowa lita 60 a yini, ya kama kusan miliyan 6 da rabi a shekara. Sai dai tsofaffin bututu na zubar da ruwa a hanya, in asarar ta kai kashi 40 cikin 100, sai an ɗebo miliyan 11 kafin wancan ya isa gidaje. Mutanen da ke ƙasa da dam, masu fadama da masu dabbobi, su ma suna da haƙƙi, a sakar musu miliyan 10. Abin da ya rage wa noman rani miliyan 24 ne. Hekta ɗaya ta alkama ko tumatir ko albasa, idan ta buɗaɗɗiyar hanyar ruwa ake ba ta, tana cin wajen kubik mita 12,000 a rani guda, shinkafa ta fi haka. An sami hekta 2,000. Idan takardar irin wannan dam ta ce hekta 8,000, to ko dai an kumbura ruwan da ke shigowa, ko an manta da rana, ko an hana na ƙasa nasu.

A shekarar fari kuwa, gulbi ya kawo miliyan 35 maimakon 70. Rana ba ta rage rabonta sosai, gari ba ya daina sha. In babu ajiyar bara, noman rani ya tashi a tutar babu, bayan manomi ya riga ya ci bashin taki da iri. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani a gaban injiniya ita ce: “Ranka ya daɗe, cikin shekara goma, shekara nawa ne ruwan zai kai mu Mayu?” A aikin ruwan sha ana neman ya isa a kusan kowace shekara. A noman rani akan yarda da gazawa shekara ɗaya cikin biyar. Amsar ta zo da adadi, kada a karɓi “in sha Allahu zai isa” ita kaɗai a matsayin lissafi.

Sai wutar. Abu biyu kawai ke haifar da wutar ruwa: yawan ruwan da ke bi ta cikin injin a kowace daƙiƙa, da tsayin da yake faɗowa. A ninka kubik mita na daƙiƙa guda da mitocin tsayin, a sake ninkawa da 8, abin da ya fito shi ne kilowat. Wannan 8 ɗin ya riga ya cire asarar injin. A dam ɗinmu, ruwan noman rani miliyan 24 idan aka sake shi cikin kwana 150, bai kai kubik mita 2 a daƙiƙa ba. Bangon da ya kai mita 18 ba ya ba da faɗuwar mita 18, domin ba a cika shi har baki, kuma ruwan na sauka kullum, a ce mita 12 a tsaka-tsaki. 1.85 sau 12 sau 8, an sami kilowat 180 ba kaɗan. Ko kashi ɗaya cikin biyar na megawat guda, wato kilowat 1,000, bai cika ba. In aka haɗa har da ruwan da ake sakar wa na ƙasa, wutar shekara duka ba ta kai awon kilowat miliyan ɗaya ba (awon kilowat ɗaya shi ne wutar kilowat ɗaya na tsawon awa guda).

Kada a ce ai Kainji ma dam ne. Kainji, da aka kammala a 1968, wanda ƙarfinsa ya kai megawat 760 daga baya, yana kan kogin da ba ya ƙafewa. Shiroro mai megawat 600 bangonsa ya haura mita 100, a kan kogin Kaduna. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tiga a jihar Kano: ruwansa ya kusa kubik mita biliyan 2, ya ninka na dam ɗin Zobe da ke nan jihar Katsina wajen sau goma, bangonsa ya ninka na Zobe tsayi fiye da sau biyu, amma tashar wutar da aka sa masa ta megawat 10 ce. Wanda ya riƙe wannan kwatanci a kai ba za a sayar masa da megawat 20 a kan gulbin da ke ƙafewa wata bakwai ba.

Ana iya girka inji babba, a rubuta masa lamba mai girma a allo. Ƙarfin inji daban, wutar da zai bayar a shekara daban. Injin megawat 2 a dam ɗinmu na buƙatar sama da kubik mita 20 a daƙiƙa, wato zai zuƙe ruwan noman rani duka cikin mako biyu. Don haka a nemi adadin awon kilowat na shekara, wata bayan wata, kada a tsaya ga megawat. Akwai kuma saɓanin lokaci. An fi bukatar wuta a bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan ya yi ƙasa, faɗuwarsa ta ragu, kowane ɗigo kuma ana kishinsa. Kowane inji yana da iyakar tsayin da in ruwa ya sauka ƙasa da shi sai ya fara kakkarwa, farfelarsa ta rinƙa cinyewa, dole a kashe shi. Ruwan marka mai yashi shi ma yana goge farfela kamar sanfefa.

Ga wani lissafin da ba a cika sa shi a takarda ba. Ruwan shan nan miliyan 11, sai an tura shi da famfo zuwa matata, daga can zuwa tankunan gari. In jimillar hawan da turjiyar bututu ta kai mita 80, famfunan za su ci awon kilowat sama da miliyan 3 a shekara. Dam ɗin ya fi cin wuta fiye da yadda yake haifar ta, har ninki uku. A ƙasar da rana ta wadata kamar tamu, faifan sola na megawat ɗaya na ba da awon kilowat fiye da miliyan ɗaya da rabi a shekara, a fili da bai wuce hekta biyu ba. Ra'ayina a fili yake: a gina dam don ruwa. In bututun sakin ruwan noman rani zai ɗauki ƙaramin inji da kuɗi kaɗan, a sa, gyara ce a kan ciniki, za ta haska ma'aikatar da ƙauyen da ke kusa. Amma dam ɗin da lissafinsa ba ya tashi sai an jingina shi da kuɗin sayar da wuta, wannan bai tashi ba.

Yashi shi ne ciwon da ke kashe dam a hankali. Ruwan gulbi da damina ja ne wur, abin da ya rina shi kuwa ƙasar gonakin sama ce. Da ya shiga dam ya tsaya, sai ya sauke kayansa, yashi mai nauyi a bakin shiga, laka mai laushi har gindin bango. A ce kowane murabba'in kilomita na sako tan 500 a shekara, dam ɗinmu zai rinƙa haɗiye abin da ya kusa kubik mita 400,000 duk shekara, cikin shekara 50 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cikinsa ya cushe. Inda aka sare itatuwa, zaizaya ta ci gonaki, abin ya fi haka sauri. Daga bakin ruwa ba a gani, dam na nan shimfiɗe kamar da, alhali ya zama tasa. Shi ya sa ake ware wani kaso a can ƙasa don laka, a ɗaga bakin bututun ɗiba sama da shi, a yi masa ƙofofi hawa-hawa. A duba ko an ɗebi ruwan gulbin lokacin ambaliya an auna lakarsa, ba da kaka ba sanda ya kwanta. A duba ko akwai ƙofar ƙasa ta wanke laka, da kuɗin dashen itatuwa da tare kwazazzabai a sama. Yashe babban dam bayan ya cushe magana ce mai sauƙin faɗi, amma kwashe kubik mita ɗaya na laka sau da yawa ya fi tsadar samar da sabon wurin ajiyarsa.

Bangon kansa, damammakinmu kusan duk na ƙasa ne, kuma bangon ƙasa hanya biyu yake mutuwa. Ta farko ruwa ya haura ta kansa. Da zarar ya fara zuba ta baya, sai ya yanki ƙasar kamar wuƙa, cikin 'yan sa'o'i an sami gibi. Maganin wannan shi ne mafitar rarar ruwa, wadda ake yi da kankare, a faɗaɗa ta yadda za ta ɗauki ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 1,000, ko 10,000 in akwai gari a ƙasa. Tsakanin iyakar cikar ruwa da saman bango a bar mita 2 zuwa 3, saboda igiyar ruwa da kuma zaman da bango ke yi bayan gini. Nan ne ɗan kwangila ke son rage kuɗi, don kankare ya fi komai tsada, nan ne kuma bai kamata a rage ko sisi ba. Mafitar da ba ta da ƙofa, wadda ruwa ke bi da kansa in ya kai, ta fi dacewa da mu a kan mai ƙofofin ƙarfe da ke jiran wuta da mai gadi da tsakar dare. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa: ruwa ya huda ta ciki. Kowane bangon ƙasa yana tsatsa kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ruwan ya fara ɗaukar ƙasa yana fita da ita, ramin ya rinƙa ci da baya har ya haɗe da tafkin. Don hana haka ake tona rami a gindin bango har a tarar da ƙasa mai tauri, a cika shi da yumɓu, a taso da yumɓun ta tsakiyar bangon. Ana zuba shi ne shimfiɗa-shimfiɗa, kaurin santimita 15 zuwa 25, a yayyafa ruwa daidai, a bi da rola mai ƙusoshi, a gwada taurin kowace shimfiɗa kafin a ɗora wata. Bayan yumɓun sai jeren yashi da tsakuwa da ke tace ruwan ya bar ƙasar a ciki, sannan magudana a ƙafar bango. Fuskar da ke kallon ruwa a yi mata gangare mai sauƙi, kamar taku uku a kwance ga taku ɗaya a tsaye, a daɓe ta da manyan duwatsu. Wurin da ya fi hatsari shi ne gefen bututun da ya ratsa bangon, don rola ba ta isa can, sai da hannu.

Mutanen ƙauyen da ke gindin dam su ne suka fi kowa ganinsa, ya kamata su san alamu. A tsaya a ƙafar bango a tari ruwan da ke tsatsowa cikin farar kwalba, a ajiye ta minti goma. In ya fito garau, kuma yawansa bai canja daga na makon jiya ba, da sauƙi. In laka ta kwanta a gindin kwalbar, ko aka ga wuri na ɓuɓɓugowa da ɗan tulin yashi kewaye da shi kamar gidan tururuwa, a kai rahoto a ranar, kada a kwana. Haka in an ga ciyawa ta yi shar a wuri guda a bayan bango cikin rani, ko tsaga a samansa, ko wani wuri ya lotsa. Itace ba ya zama a jikin bango, domin in ya mutu saiwarsa ta ruɓe ta bar hanya. Suri da ramin gafiya ma haka. Aikin da bai ware kuɗin kula na kowace shekara ba, da ma'aikacin da zai rinƙa karanta ma'aunan cikin bango yana rubutawa, an bar shi ga sa'a.

Ɓangaren da aka fi zalunta a lissafin dam shi ne mutane. Na sama, ruwa zai ci gonakinsu, kuma ba kowace gona ba, fadamar da ta fi kowace albarka ita ke fara nutsewa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fi karkata ga biyan diyyar amfanin gona da gini da itatuwa, ba darajar ƙasar kanta ba. Mutum ya karɓi kuɗin gero na shekara guda a madadin gonar da ta ci da kakanninsa, wannan ba diyya ba ce. A nemi gona a madadin gona, a rubuce, da kaso a cikin filin noman rani, kuma a gama biya kafin a rufe gulbi. A ƙirga har da masu aro da masu haya da matan da ke da gayauna, da makiyayan da burtalinsu da mashayarsu za su yanke, da maƙabarta. Abin da ya faru a dam ɗin Bakolori a 1980, inda rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga asarar rayukan manoma, daga irin wannan sakaci ya taso.

Na ƙasa kuwa ba a ma cika gayyatarsu taro ba. Ambaliyar da dam zai tare ita ce ke jiƙa musu fadama, ta kawo sabuwar laka, ta cika yashin da rijiyoyinsu ke sha. Bayan Bakolori, noman shinkafar fadama da kamun kifi sun ja baya a ƙasan kogin Sakkwato. Bayan Tiga da Challawa, ambaliyar Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa. Mu a nan akwai ƙarin magana: gulabenmu na arewa Nijar suke shiga. Gada shi ne gulbin Maraɗi. Yarjejeniyar da Najeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa ta ambaci Gada da Tagwai da sunansu. Mutanen Maraɗi da Madarunfa 'yan'uwanmu ne na jini, takardar da ba ta ce komai a kansu ba ba ta cika ba. Sai lafiya: kwantaccen ruwa na kawo sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa su ke fara fitsarin jini.

Ko an gama duk wannan, bango rabin aiki ne. Zobe, a kan Karaduwa kusa da Dutsin-ma, an kammala shi a 1983 da ruwa sama da kubik mita miliyan 170, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin da ke kai ruwansa birnin Katsina. Kusan shekara 40 rana na shan rabonta. A Jibiya, yawancin filin noman sai an ɗaga masa ruwa da famfo, ranar da babu mai ko wuta, ruwa na kallon gona, gona na kallon ruwa. Don haka a haɗa kuɗin duka wuri guda: bango, mafita, diyya, matata, bututu, tankuna, hanyoyin ruwa, gyaran fili, da kuɗin gudanarwa na shekara 20. A raba da ruwan da zai isa hannun mutane a shekarar da ba ta da kyau. Sannan a ajiye wannan farashi kusa da na gyaran abin da ke hannu: damammakin Ajiwa, Sabke, Daberam, Mairuwa, da toshe yoyon bututun cikin gari. Akwai kuma katangar da ake binnewa a cikin yashin gulbi ta tare ruwan da ke gudu a ƙarƙashi. Ba ta cin gonar kowa, rana ba ta kai wa ruwan da ya yi zurfin mita guda a cikin yashi, kuma ga ƙauye ko ƙaramin gari sau da yawa ta wadatar.

Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi wa babban dam rahoto, a baje shi jama'a su gani su yi magana kafin a amince. Idan an baje, a je sakatariyar ƙaramar hukuma a karanta, a tafi da malamin lissafi na sakandare in da hali. Cikin abin da za a nema har da shafin da ya faɗi wanda ke riƙe da makullin ƙofa. A jikin hasumiyar ɗibar ruwa akan kafa sanda mai lambobi. Ya kamata a rubuta tun yanzu cewa a ƙarshen Oktoba za a karanta sandar, a sanar da manoma hekta nawa za a shuka bana kafin su sayi iri. In ruwa ya sauka zuwa lamba kaza, a kashe injin wuta. In ya kai lamba kaza, a rage na gona a bar na sha da na dabbobi. Ranakun da za a sakar wa na ƙasa ruwa su ma a sa su, da yawan da za a saka, da yadda za a yi musu shela kwana biyu kafin a buɗe, don masu ɗibar yashi da yaran da ke kiwo a cikin gulbi su fita. Ƙungiyar manoma da wakilan makiyaya da dagatan sama da na ƙasa su sami kwafi, kuma a shafa wa lambobin nan fenti mai launi a jikin sandar, yadda mai wucewa a kan bango zai iya karantawa daga nesa.